Ƴaƴanmu Mata a Jami'ar Ahfad: Tambayoyi da Amsoshi kan Zaman Makaranta da Tsaya wa Marasa Ƙarfi

Da zarar sakamakon Shahada Sudaniyya, jarrabawar kammala sakandare ta Sudan, ya fito, sai wayoyi su fara ƙara a gidajenmu na Hausawan Sudan da ke Maiwurno, Gadarif, Kasala, Damazin da ƙauyukan Jazira. Yarinya ta ci jarrabawa, uba yana tsoron birni, uwa tana so amma ba ta san ta inda za a fara ba. Da yake a Ahfad na yi karatu, ni ake yawan turo wa mutane, kuma tambayoyin kusan iri ɗaya ne kowace shekara. Ga su nan na tattara yadda iyaye da ƴan matan suke yin su, tare da amsar da nake bayarwa.

1. Wace irin makaranta ce Ahfad, kuma wa ya kafa ta?

Jami'a ce ta mata zalla, mai zaman kanta, ba ta neman riba ba, a kan titin Arda cikin Umdurman, birnin da ke tsallaken kogi daga Hartum. Asalinta ya koma ga Shaihu Babikir Badri, mutumin da ya yi yaƙi a rundunar Mahadi, ya kuma ga yaƙin Karari na 1898 da idonsa. Bayan komai ya lafa ya zauna a Rufa'a, bakin Shuɗin Nilu, inda a 1907 ya buɗe makarantar boko ta ƴan mata, ta farko da wani ɗan Sudan ya kafa. Da yara 17 ya fara, tara ƴan gidansa, takwas ƴaƴan maƙwabta. Wannan ne abin da nake fara gaya wa iyaye maza: mutumin bai ce a kawo ƴaƴan wasu a gwada ba, da nasa ya fara.

Ya rasu a 1954. Ɗansa Yusuf Badri ne ya buɗe kwalejin mata ta gaba da sakandare a 1966 da ɗalibai 23, ta zama cikakkiyar jami'a a 1995. Ana karanta likitanci, haɗa magunguna, kimiyyar lafiya da abinci mai gina jiki, ilimin halayyar ɗan'adam da renon ƙananan yara, gudanarwa, harsuna, da raya karkara.

2. Ana cewa karatunta mai faɗi ne. Me ke nan?

A yawancin jami'o'i, wadda ta shiga haɗa magunguna ba ruwanta da komai sai magani har ta fita. Akwai kuma wani tsari, wanda ya fi ƙarfi a ƙananan kwalejojin Amurka, ya kuma iso yankinmu ta jami'o'in Amurka da ke Bairut da Alƙahira, inda ake so ɗalibi ya taɓa fannoni da dama, ya iya rubutu da muhawara, ya san al'ummar da zai yi wa aiki. Ahfad tana da ƙwararrun fannoni kamar kowace jami'a, amma ta ɗauki wannan ruhin. Kowace ɗaliba, ko likita za ta zama ko akanta, sai ta ɗauki darussan nazarin rayuwar mata, da na yawan jama'a da lafiyar iyali, da na aikin karkara, sannan ta fita ƙauye da ƙafarta. Bayanin wannan fitar yana tambaya ta 6.

3. Ƴata da Larabci ta yi sakandare, a gida kuma Hausa muke yi. Za ta iya?

Za ta iya, amma shekarar farko da wuya. Tun 1990 aka mayar da yawancin jami'o'in gwamnati zuwa Larabci, Ahfad kuwa ta riƙe Turanci, shi ya sa ake ba sababbin ɗalibai darussan harshe sosai a farko. Ku saya mata ƙamus tun kafin a buɗe makaranta, ta riƙa sauraron labarai da Turanci ko na minti goma ne kullum. Yarinyar da ta tashi da harshe biyu ba baƙuwa ba ce wajen koyon na uku, kuma na ga ƴan ƙauyukanmu da suka shigo ba sa iya haɗa jimla ɗaya, suka fita suna gabatar da bincike a gaban malamai.

4. Yaya zaman yake? Ina za ta kwana, me za ta ci?

Wadda ke da dangi a Umdurman ko Hartum takan zauna wurinsu ta riƙa shiga hafila, wato bas, ko rakasha, babur mai ƙafa uku. Sauran suna zama a dahiliyya, wato gidan kwanan ɗalibai, ko na Asusun Kula da Ɗalibai na ƙasa ko na ƴan kasuwa. Kada ku biya kuɗin ɗaki ta waya. Wani babba daga gida ya je ya ga wurin, ya ga matar da ke kula da shi, ya ji ƙarfe nawa ake rufe ƙofa, ya duba ruwa da banɗaki.

A lokacin zaman lafiya, kafin yaƙin da ya ɓarke a 2023, laccoci kan fara da sassafe da shayi kawai a ciki. Wajen goma zuwa sha ɗaya sai a tashi fatur, wato karin kumallo. A nan ne ake ƙulla zumunci. Ƴan mata biyar ko shida za su haɗa kuɗi, a kawo babban kwano, a gutsuttsura burodi a ciki, a zuba romon ful, wato dafaffen wake, a barbaɗa farin cuku da albasa da tumatir, a kwarara man riɗi, ga shatta, wato yajin barkono, a gefe. Kowa ya sa hannu. Wadda ba ta da ko sisi ranar nan ba a tambayarta, matsa mata kawai ake yi. A bakin wannan kwanon na fara zama da ƴar Nuba, da ƴar Darfur, da ƴar Shaiƙiyya, da Kiristar da iyayenta suka fito daga Kudu, na ji abin da ke damun kowacce a garinsu. Rabin abin da na sani game da ƙasar nan a wurin na koye shi, ba a aji ba.

Ku riƙa aika mata da ɗan abin gida, kuka, kuɓewa busasshiya, yaji, garin kunu. Yana rage kashe kuɗi, yana kuma rage kewa.

5. Ina tsoron addininta da tarbiyyarta. Ba za ta dawo mana wata iri ba?

Baba, tsoronka a kan hanya yake, kuma ba zan ce maka babu abin tsoro a birni ba. Amma yawancin ɗaliban Musulmi ne, ana sallah, ana azumi, mai hijabi tana sa hijabinta, mai tob, wato lafayar matan Sudan, tana sa tob ɗinta. Abin da zai canja shi ne za ta dawo tana tambaya. Za ta ce me ya sa rijiyarmu ba ta da murfi, me ya sa aka cire ƙanwarta daga aji shida, me ya sa Inna ta kwana biyu tana naƙuda ba a nemi mota ba. Wasu iyayen suna ɗaukar wannan rashin kunya ne. Ni ina ganin amfanin kuɗin makarantar ke nan, muddin da ladabi ta yi tambayar.

Mu kuma da muke jikokin waɗanda suka baro ƙasar Sakkwato bayan yaƙin Burmi na 1903, ba mu da hujjar cewa karatun mata baƙon abu ne. Nana Asma'u ƴar Shehu Usmanu ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta naɗa jajis, wato malamai mata masu jagoranci, ta tura su ƙauyuka suna koyar da mata ƴan taru karatu da tsarki da kula da marasa lafiya. Abin da ake tura ɗaliban Ahfad su yi a karkara bai yi nisa da wannan ba. Maganar raina al'ada kuma, na amsa ta a tambaya ta 7.

6. Mece ce fitar karkara da ake ta magana a kai? Dole ce?

Dole ce, ba a kammalawa sai da ita, kuma tun shekarun 1970 makarantar ke yin ta. Ana raba ɗalibai rukuni-rukuni, a gauraya fannoni, a haɗa su da malamai, a kai su ƙauyuka a jihohi daban-daban su yi kwanaki tare da mutanen wurin. Kafin a tafi an riga an nemi izinin hukuma da na shaihun gari. Ana sauke su a makarantar ƙauyen ko a gidan da aka yarda da shi, mata da mata.

Aikin yana farawa da shiga gida-gida. A zauna a kan angarib, wato gadon igiya, da matar gida, a sha shayi, a tambaye ta daga ina take ɗebo ruwa, yaranta nawa, nawa ne a raye, wa ya karɓi haihuwarta ta ƙarshe. Sannan a auna yara. Akwai wani ɗan siririn ma'auni mai launi uku da ake naɗawa a damtsen yaro daga wata shida zuwa shekara biyar. In ya tsaya a kore, lafiya. In rawaya ne, akwai rama, a gyara abinci. In ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, yaron yana cikin haɗari, sai asibiti ba jira. Ɗaliba ƴar birni da ba ta taɓa rasa abincin dare ba, ranar da ta ja wannan ma'aunin a hannun yaro ɗan shekara biyu ta ga ya shige cikin ja, uwar kuma tana kallon fuskarta tana jiran ta ji, ranar ce take gane abin da ta zo karantawa. Da yamma a tara mata a nuna musu haɗin ruwan gishiri da sukari na gudawa: lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A yi magana kan allurar rigakafi, gidan sauro, shayarwa, awon ciki. Wani lokaci da ɗan wasan kwaikwayo ake isar da saƙon, don ya fi shiga.

Ba na ɓoye wa kowa cewa kwanaki kaɗan ba sa gyara ƙauye. Ɗalibai za su tafi, rijiyar tana nan yadda take. Wadda ta fi amfana ita ce ɗalibar kanta, ƙauyen kuma yana cin riba ne in rahoton da aka rubuta ya kai hannun masu iya yin wani abu, ko in wata daga cikinsu ta dawo aiki can bayan ta gama. A nan ƴaƴanmu suka fi kowa dama. In aka sauka a ƙauyen da tsofaffin mata ba sa sakin jiki da Larabci, Bahaushiya ce kaɗai za ta ji ainihin abin da ke ciki.

7. An ce ana koya musu yaƙi da kaciyar mata da auren wuri. Ba raina al'adar mutane ba ne wannan?

Gaskiya ne makarantar ta daɗe a kan waɗannan biyun, tun lokacin da faɗarsu a fili ke jawo zagi. Ƙungiyar nazarin al'amuran mata mai sunan Babikir Badri, wadda aka kafa a 1979, tana cikin waɗanda suka fara wannan aikin. A 2008 aka ƙaddamar da gangamin Salima, mai kira a bar ƴan mata ba kaciya, a ƙasa baki ɗaya, a watan Yulin 2020 kuma aka sa dokar da ta haramta kaciyar mata, da hukuncin ɗauri har shekara uku. Auren ƙananan yara shi ne har yanzu da sauran aiki, domin dokar iyali ta 1991 ta bar ƙofar aurar da yarinya ƴar shekara goma in alƙali ya amince.

Abin da ake koya wa ɗaliba shi ne illar da likita ke gani: zubar jini, doguwar naƙuda ga yarinyar da ƙugunta bai gama buɗewa ba, yoyon fitsari da ke sa miji ya gudu dangi su ƙyamace ta. Yadda za ta faɗe shi kuwa, nan ne hankali ke aiki. Wadda ta shiga gari tana ɗaga murya a kan kakanni ba ta dawowa da komai sai baƙin jini. Wadda ta fara gaida ungozoma, ta zauna ƙasa da liman ta ji ta bakinsa, ta bar tsohuwa ta ba da labarin haihuwarta ta fari, ita ce ake saurara. Ɗiyata, in kin koma gida hutu, kada ki fara da wa'azi. Ki fara da raka matar yayanki awo.

8. Wannan aikin al'ummar ba siyasa ba ce a fakaice?

Akwai bambanci tsakanin jam'iyya da tsaya wa wanda aka zalunta, ko da yake a Sudan hanyoyin biyu sukan haɗu. Ɗalibai sun daɗe a tsakiyar tarihin ƙasar nan. A ranar 21 ga Oktoban 1964 ƴan sanda suka harbe ɗalibi Ahmad Ƙurashi a Jami'ar Hartum, cikin kwanaki mulkin Janar Abbud ya rushe. A shekarar da ta biyo baya Fatima Ahmad Ibrahim ta zama mace ta farko a majalisar dokoki. A Afrilun 1985 ɗalibai da ƙungiyoyin ma'aikata suka taimaka wajen kawar da Numairi. A boren da ya fara Disambar 2018 mata ne a gaba, kuma a watan Maris na 2019 ɗaliban Ahfad suka fito cikin harabar makaranta sanye da farin tob, hoton ya zagaya ƙasa, mata da yawa suka kwaikwaya. Ranar 11 ga Afrilu aka sauke Umar Bashir, a watan Nuwamba kuma aka soke dokar Nizamul Am, wadda aka daɗe ana kama mata da ita ana yi musu bulala saboda sutura, ana kuma korar masu sayar da shayi a bakin titi ana ƙwace musu kaya.

Duk da haka, yawancin abin da ɗalibai ke yi ba ya kai su titi. Koyar da manyan mata karatu, tara jini, ziyartar gidan marayu, shirya Makon Mata a watan Maris, taimaka wa masu shayi su kafa ƙungiyar adashe. Ba a tilasta wa kowa shiga jam'iyya.

9. To in ta ce za ta fita zanga-zanga fa?

Ku zauna ku yi maganar tun kafin ta taso, kada ku bari sai kun gan ta a Facebook. A ranar 3 ga Yunin 2019 an tarwatsa zaman dirshan da ake yi gaban hedikwatar soja a Hartum, likitoci suka ƙirga gawa fiye da ɗari, an kuma ci zarafin mata. Bayan juyin mulkin 25 ga Oktoban 2021 an sake kashe matasa da dama a tituna. Duk wanda ya ce miki babu haɗari, ƙanwata, bai gaya miki gaskiya ba. Ba na zugawa, ba na kuma zagin wadda ta fita don ta ga zalunci ta kasa haƙuri. Abin da nake roƙo shi ne kada ki yi a ɓoye wa iyayenki, kada ki bi taron da ba ki san wanda ya kira shi ba, kuma ki sani cewa ƴar talaka daga ƙauye in aka kama ta ba ta da kawu a ofis da zai buga waya. A halin yaƙin da ake ciki, aikin da ya fi buƙatar hannu yana tambaya ta 13.

10. Ana nuna wa Bahaushiya bambanci a makaranta?

A dokar makaranta babu. A bakin mutane akwai, kamar ko'ina a ƙasar. Za a ji ta tana waya da Inna da Hausa a ce, au, ashe ke Fallatiyya ce, wato ƴar asalin Afirka ta Yamma, wata da mamaki kawai, wata da raini. Za a tambaye ta asalinku daga ina, alhali kakan kakanta a bakin Nilu aka binne shi. Wasu ƴan matanmu saboda haka sukan ɓoye harshensu shekara huɗu cur. Abin yana ƙona mini rai, domin ba mu da abin kunya. Hannun iyayenmu yana cikin audugar Jazira tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925, yana cikin dawa da riɗin Gadarif, agashe kuma, tsiren da duk ƙasar ke ci, kowa ya san daga wurin wa ya fito.

Yana da kyau ɗaliba ta san tushen matsalar. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa kakanninsa suna Sudan tun ƙarshen 1897, sharaɗin da ya bar waɗanda suka iso bayan Burmi a waje. Dokar 1994 ta dawo da ranar zuwa 1 ga Janairun 1956, amma halin wasu ma'aikata bai canja da takarda ba, har yau akan nemi ƙarin shaidu daga wanda sunansa ko kamanninsa ya nuna ɗan asalin Afirka ta Yamma ne. Don haka ku nema wa yarinya raƙam watani, wato lambar ɗan ƙasa, da takardar haihuwa tun tana sakandare, kada ku jira ranar rajista.

11. Wane aiki ɗalibanmu za su iya yi wa Hausawa musamman?

Na farko shi ne takardun da na ambata a tambaya ta 10. Tsohuwar da ba ta da lambar ɗan ƙasa ba ta da asusun banki, ba ta da inshorar lafiya, jikanta kuma yana iya rasa zama jarrabawa. Ɗaliba ɗaya da ta san ofis, ta iya cika fom, ta raka mutum biyar a hutu, ta yi aikin da ya fi dogon jawabi.

Na biyu su ne mazauna kambo, unguwannin leburorin gona da ke gefen magudanan ruwa a Jazira da sauran manyan gonaki. Akwai iyalan da suka yi zuriya uku a wurin, Hausawa da mutanen Darfur da wasu, ba filin kansu, ba famfo, makaranta sai an yi tafiya, yara suna wanka a ruwan da ke sa tsargiya. Mai neman batun binciken kammalawa ba sai ta je nesa ba.

Na uku shi ne raunin 2022. A watan Yuli rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu, a Rusairis da kewaye, kan filaye da maganar sarauta, ya sake tashi a Wad al-Mahi cikin Oktoba. Ɗaruruwa sun mutu, dubun dubata sun bar gidajensu, Hausawa suka yi zanga-zanga a Kasala da Gadarif da Hartum da wasu garuruwa. Akwai marayu da zawarawa daga kowane ɓangare. A jami'a ƴar Bahaushe za ta tarar da ƴar ɗaya ɓangaren a kujerar kusa da ita. Ina roƙon ƴaƴanmu kada su ƙi wannan zaman, kada kuma su tura saƙon zagin ƙabila da ke yawo a WhatsApp, ko da daga ɗan uwa ya fito.

12. Da yaƙin nan, karatu yana nan kuwa?

Tun ranar 15 ga Afrilun 2023 da faɗa ya tashi tsakanin soja da dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF, jami'o'in Hartum da Umdurman da Bahri suka rufe, an lalata gine-gine da dama, an kwashe kayan aiki. Da yawa sun koma koyarwa ta intanet, suna shirya jarrabawa a garuruwan da ke da sauƙi kamar Bur Sudan, ko a waje kamar Masar. Waɗanda suka gudu Madani, babban birnin Jazira, sun sake gudu a Disambar 2023 da RSF ta kama garin. Soja sun karɓe Madani a Janairun 2025, Hartum kuma a watan Maris, daga nan aka fara maganar komawa a hankali.

Tsarin yana canjawa daga zango zuwa zango, saboda haka ku bi sanarwar ofishin rajista na jami'ar kanta, kada ku tura wa wani dillali kuɗi ta Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, don ya ce zai samo gurbi. Wadda ta katse karatu ta adana katin makaranta da hoton duk sakamakonta a waya da kuma wurin wani ɗan uwa. Ta kuma riƙe rukunin ajinsu, domin ta nan labari ke fara fitowa.

13. Ƴata tana zaune a gida, tana so ta shiga aikin takiyya, wato girkin sadaka na unguwa. In bar ta?

In a unguwarku ne, da mutanen da kuka sani, ina ganin ku bar ta. Ɗakunan agajin gaggawa, waɗanda ke gudanar da takiyya da yawa, sun fito ne daga kwamitocin unguwanni na matasa, kuma su ne suka ciyar da jama'a a wuraren da manyan ƙungiyoyin duniya suka kasa shiga. Takiyya tukunya ce babba ta adas ko ful ko balila, kuɗin daga ƴan uwa da ke waje, masu dahuwa ƴan unguwa, kowa ya zo da kwanonsa. Ba sabon abu ba ne a wurinmu. Gayya ce, wadda ƴan ƙasa ke kira nafir, sunan da matasan Hartum suka ba ƙungiyarsu ta agaji lokacin ambaliyar 2013.

Ɗalibar Ahfad tana da abin da za ta ƙara a wurin: rubuta lissafi don kada a yi zargi, auna damtsen yaran da ke layi kamar yadda na bayyana a tambaya ta 6, sa ido kan ruwan sha da wanke hannu tun da kwalara ta dawo a 2024, zama da yara ana karatu a makarantun da suka koma sansani. Wadda ta karanta ilimin halayyar ɗan'adam za ta haɗu da matan da aka yi wa fyaɗe. Ta saurara ba tare da tuhuma ba, ta rufe sirri, ta kuma san cewa maganin kariya daga cutar ƙanjamau yana aiki ne in an fara shi cikin awa 72, don haka a kai ga ma'aikacin lafiya da wuri. An kama masu aikin sa kai, an kashe wasu, daga hannun ɓangarorin biyu. Kada ta ɗauki hoton fuskar mai karɓar abinci, kada ta wallafa inda ake ajiye kaya, kada ta dawo gida bayan magariba.

14. Kuɗin fa? Mu manoma ne.

Ahfad ta fi jami'ar gwamnati tsada, likitanci da haɗa magunguna kuma sun fi sauran fannoni. Amma ta saba tallafa wa ƴan karkara da yankunan da aka bari a baya, ta hanyar ragi ko gurbin kyauta. Ba a ba wanda bai nema ba. Ku rubuta takarda, ku haɗa da shaidar halin gida daga kwamitin unguwa ko shaihun gari, ku kai da wuri. Na ga dangin da suka yi adashe don ƴa ɗaya, kawu ya ɗauki kuɗin mota, gwaggo ta ɗauki sabulu da sutura, yayan da ke Jidda ya ɗauki kuɗin zango. In duk da haka bai yiwu ba, jami'o'in Sinnar, Gadarif, Kasala da Damazin suna kusa da gida, kuma duk abin da na faɗa a tambaya ta 11 ana iya yin sa daga can.

15. Namiji ne ɗana. Akwai irin wannan a gare shi?

Ahfad ba ta ɗaukar maza a digirin farko. Jami'ar Jazira da aka kafa a 1975 ta yi suna wajen tura ɗaliban likitanci ƙauyuka tun farkon karatunsu. A sauran jami'o'i akwai rabiɗa, ƙungiyar ɗaliban gari ɗaya, masu shirya ayarin lafiya da darussan hutu kyauta ga masu shirin Shahada. Akwai kuma Shari'ul Hawadis, matasan da suka fara da tsayawa bakin asibitin yara a Hartum suna tara kuɗin magani ga wanda ba shi da shi, daga baya aikin ya bazu zuwa wasu garuruwa. Abin da zan ja masa kunne a kai shi ne faɗan ƙungiyoyin siyasa a harabar jami'o'in gwamnati, wanda ya sha kai wa ga sanda da ƙarfe har da rasa rai.

16. Aikin sa kai ba zai cinye mata karatu ba? Kuma in ta gama, wane aiki za ta samu?

Yana iya cinyewa. Na ga masu zuciyar kirki da suka shiga ƙungiya huɗu a shekarar farko, suka faɗi jarrabawa, aka maimaita musu aji da kuɗin da uba ya sayar da buhunan dawa ya biya. Shawarata, shekarar farko ta bar wa Turanci da sabo da wuri. Daga ta biyu ta zaɓi aiki ɗaya ta riƙe shi, ta ajiye shi mako uku kafin jarrabawa. Mutanen kambo sun fi buƙatar ƙwararriyar likita a kan mai tausayin da ba ta gama makaranta ba.

Waɗanda suka gama suna aiki a asibitoci, cibiyoyin ciyar da yara masu tamowa, makarantun renon yara, bankuna, ma'aikatun jiha, da ƙungiyoyin agaji na gida da na waje, inda Turanci da sanin aikin karkara ke ba su fifiko. Mai Hausa da Larabci da Turanci a baki ɗaya ana nemanta a Sinnar, Shuɗin Nilu, Gadarif da Kasala, ta rubuta Hausar a takardar neman aiki, kada ta bar ta a gida. Masu tambayar aure kuma, da yawa suna yin sa suna cikin karatu ko da sun gama. In za a ɗaura kafin ta kammala, waliyyinta ya sa sharaɗin ƙarasa karatu a gaban shaidu, a kuma fayyace wanda zai biya kuɗin zangon da ya rage.